Amfani da Na'ura Wajen Gano Tsagewar Kwalta da Liƙe Ta: Nazari a Kan Hanyoyin Jos da Kewaye

1.0 Gabatarwa

Masu hikima sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan magana ta yi daidai da yadda hanyar kwalta ke lalacewa, domin kuwa yawancin ramukan da ake gani bisa titi daga 'yar siririyar tsaga suka faro, wadda sau da yawa faɗinta bai wuce na tsinken ashana ba. Ta nan ruwa ke kurɗawa ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da kwaltar, nauyin motoci kuma ya ƙarasa aikin. Saboda haka ne injiniyoyin hanya suka daɗe suna neman dabarar da za ta sa a gano tsaga tun tana ƙarama, a kuma toshe ta kafin damina ta riske ta.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake sa na'ura ta yi waɗannan ayyuka biyu, wato ganowa da liƙewa, ba tare da an dogara kacokan bisa idon mutum da hannunsa ba. An ɗauki garin Jos da kewayensa a matsayin abin misali, saboda yanayin ƙasarsa da yawan ruwan samansa sun sa matsalar ta fito fili. Za a fara da bayanin hanyoyin Jos, sannan a duba dalilan tsagewar kwalta, daga nan a bi matakan da aka bi wajen ƙera na'urorin, a ƙarshe kuma a auna wanda ya dace da halin da ake ciki a nan gida.

2.0 Jos da Hanyoyinta

Garin Jos yana bisa tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma haƙar kuza ce ta raya shi tun farkon ƙarni na 20. Bukatar fitar da kuzar ce ta sa Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta kai Bukuru a 1914, sannan babban layin da ya taso daga Kafancan ya iso Jos a 1927. An rufe ƙaramin layin na Zariya a 1957, kuma yayin da harkar jirgin ƙasa ta yi ta ja da baya a ƙasar baki ɗaya, sai kusan dukkan kaya masu nauyi suka koma bisa kwalta.

Manyan hanyoyi uku ne suka haɗa Jos da sauran sassan ƙasa. Akwai wadda ta taso daga kudu ta Makurɗi da Lafiya da Akwanga, ta hau tudu ta Hawan Kibo ta shigo ta Mararrabar Jama'a. Akwai wadda ta nufi Bauci ta zarce Potiskum da Maiduguri, sai kuma wadda ta bi ta Saminaka da Pambeguwa zuwa Zariya. A kan waɗannan hanyoyi ne tankokin mai da tireloli masu ɗauke da siminti da hatsi da shanu ke kai da kawowa dare da rana. Ta kansu ne kuma dankalin turawan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, da kayan gwarin kasuwar Farin Gada, ke fita zuwa kudu da arewa. Kayan gwari kuwa ba sa jira: motar tumatir da ta kwana a hanya saboda karyewar sifirin cikin rami, asara ce ga manomi da ɗan kasuwa da direba gaba ɗaya.

Ta fuskar yanayi, Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, wanda ya ɗara na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Duk wanda aiki ya kawo shi nan daga ƙasar Hausa, abu na farko da yakan lura da shi shi ne tsawon damina da kuma sanyin hunturu, lokacin da awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 12 da dare, da rana kuma rana ta buɗe ta gasa kwalta. Ga kuma gangare a ko'ina, wanda ke sa ruwa ya taho da ƙarfi, kamar yadda aka gani a ambaliyar watan Yulin 2012 da ta yi ɓarna a unguwannin Rikkos da Gangare. Waɗannan abubuwa duka suna da hannu a cikin tsawon ran kwalta ko gajartarsa.

3.0 Yadda Kwalta ke Tsagewa

3.1 Ginin Hanya

Hanyar kwalta hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai ƙasar wurin ta asali wadda aka share aka daɓe. A bisanta akan zuba marmara, wato jar ƙasar burji, a daɓe ta da rola, sannan a ɗora wani hawan na marmara mai kyau ko fasasshen dutse. A saman duka ne ake shimfiɗa cakuɗen tsakuwa da yashi da baƙin man kwalta, wanda kaurinsa bai cika wuce 'yan santimitoci ba. Hawan da ke ƙasa su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Shi kuwa na saman, ban da santsin da yake ba taya, babban aikinsa shi ne ya zama rufi mai hana ruwa isa ga marmara. Busasshiyar marmara tana da ƙarfi ƙwarai, amma da zarar ta sha ruwa sai ta yi laushi ta kasa riƙe abin da aka ɗora mata.

3.2 Ire-iren Tsaga

Injiniyoyi sun kasa tsaga gida-gida bisa ga siffarta, domin siffar ce ke nuna musabbabi. Akwai tsagar tsaye, wadda ke bin tsawon hanya, galibi a inda aka haɗa shimfiɗa biyu ko a sawun taya. Akwai tsagar gicciye, wadda ke ratsa hanya daga gefe zuwa gefe, kuma yawanci miƙewa da tsukewar kwalta tsakanin zafin rana da sanyin dare ne ke kawo ta. Akwai mai gida-gida kamar shatar fulotai, wadda ke nuna cewa man kwaltar ya tsufa ya bushe, ya daina lanƙwasa. Akwai tsagar baki, wadda ke cin gefen hanya a inda babu kafaɗa mai ƙarfi ko magudanar ruwa. Mafi muni ita ce tsagar bayan kada, wadda ake kira haka saboda kamanninta da fatar kada. Ita wannan alama ce ta cewa hawan da ke ƙasa sun gaji, don haka shafe samanta ba ya magani, sai an tone an sake gini.

Game da nauyi, wani gwaji da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da gatarin mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyinsa, tana ninkuwa ne ninkin ba ninki. Idan aka ninka nauyin gatari sau 2, ɓarnar takan ninku kimanin sau 16. Bisa wannan lissafi, gatari guda na babbar mota mai nauyin tan 8 yana iya cin hanya kamar gatarin ƙaramar mota mai nauyin kilo 800 da ya wuce sau 10,000. Wannan ne ya sa hanyar tireloli, musamman a wurin hawa inda suke tafiya a hankali da lodi fiye da ƙima, take saurin nuna gajiya.

3.3 Daga Tsaga Zuwa Rami

Da zarar tsaga ta buɗe, ruwan sama na farko zai bi ta cikinta. Duk motar da ta taka wurin sai ta matse ruwan ta tura shi ƙasa, idan ta ɗaga kuma ruwan ya dawo sama ɗauke da lallausar ƙasa. A hankali sai kogo ya samu a ƙarƙashin kwalta, gefen tsagar ya riƙa gutsurewa, har ranar da wani yanki zai ɓalle. A wuri irin Jos, inda damina ke ɗaukar wata shida zuwa bakwai, tsagar da aka ƙyale a watan Maris tana iya zama rami kafin Satumba.

Bambancin kuɗin da ke tsakanin gyara da wuri da gyara a makare ba ƙarami ba ne. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa guda 85, inda ya ƙiyasta cewa an yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali kuwa gyaran rigakafi na ƙasa da dala biliyan 12 zai iya hana wannan asara.

4.0 Gano Tsaga

4.1 Duba da Ido

Daɗaɗɗiyar hanyar gano tsaga ita ce ma'aikaci ya bi titi a ƙasa, ko cikin mota mai tafiya a hankali, riƙe da takarda da magwaji, yana rubuta irin lahanin da ya gani da girmansa. Don a daidaita irin wannan rahoto ne injiniyoyin sojan Amurka suka fito da wani ma'auni a shekarun 1970, wanda ke ba kowane yanki na hanya maki daga 0 zuwa 100. Sai dai wannan hanya tana da rauni ta fuskoki da dama. Tana cin lokaci, ma'aikaci na cikin haɗarin a kaɗe shi, kuma mutum biyu za su duba wuri guda su kawo maki daban-daban. Nijeriya tana da hanyoyi kimanin kilomita 195,000, daga ciki kimanin 35,000 na gwamnatin tarayya ne. Bin ko da na tarayyar kaɗai a ƙasa sau ɗaya a shekara aiki ne ja.

4.2 Motar Awo

Tun daga shekarun 1970 aka fara ƙera motoci na musamman masu ɗaukar hoton kwalta suna tafe. Kamfanonin Japan irin su Komatsu da PASCO na cikin na farko-farko, a Kanada aka ƙera motar ARAN, a Ostireliya kuma cibiyar bincike ta CSIRO ta fito da RoadCrack a shekarun 1990. Wahalar aikin za ta bayyana idan aka yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin kimanin mita 22 a daƙiƙa guda. Idan ana so a ga kowace milimita ta hanyar, wajibi ne kyamara ta ɗauki layin hoto 22,000 a cikin wannan daƙiƙa, kowane layi kuma ya mamaye faɗin hannun titi mai kusan mita 4.

Bayan an ɗauki hoto, sai a ba kwamfuta ta tantance. Dabarar farko mai sauƙi ce: tsaga ta fi sauran kwalta duhu, don haka kwamfuta ta ware ɗigogin hoto masu duhu, ta duba ko sun jeru sun yi layi. Amma an tarar cewa inuwar itace da ɗigon baƙin mai da sawun birki da tsohon faci duk sukan yaudare ta. Don kauce wa haka ne aka koma ga hasken leza. A na'urar LCMS da aka ƙera a lardin Kubek na Kanada, ana haska siririn layin leza a gicciye bisa hanya, kyamara kuma na kallonsa daga gefe. Inda kwalta take lafiya layin zai fito miƙaƙƙe, inda akwai tsaga kuwa sai ya nutse. Ta haka na'urar ke auna zurfi maimakon launi, kuma tana aiki dare da rana a gudun da ya kai kilomita 100 a sa'a. Illar waɗannan motoci ita ce tsada, da bukatar ƙwararru da kayan gyara daga waje.

4.3 Kwamfuta Mai Koyo da Wayar Hannu

Babban sauyi ya zo ne daga 2012, lokacin da aka tabbatar cewa kwamfuta na iya koyon gane abin da ke cikin hoto idan aka nuna mata misalai masu yawa, wanda wani reshe ne na abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. A nan ba a rubuta mata ƙa'ida cewa tsaga baƙa ce ko siririya ce. Mutane ne ke zama su zagaye tsagar da ke cikin dubban hotuna, su sa wa kowace suna. Kwamfuta ta yi hasashe a kan hoto, a gwada da amsar mutum, idan ta kuskure ta gyara lissafinta, a yi ta maimaitawa har ta gwanance. Daga nan sai a jarraba ta da hotunan da ba ta taɓa gani ba.

A 2018 wasu masana na Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa wayar hannu da aka kafa a cikin mota ta isa wannan aiki. Sun tara hotuna 9,053 daga ƙananan hukumomi bakwai na Japan, suka kasa lahanin da ke ciki gida takwas, suka kuma saki hotunan kyauta ga duk mai bukata. Wannan taska ta ci gaba da girma, har a 2022 ta kai hotuna 47,420 daga ƙasashe shida, wato Japan da Indiya da Cak da Norwe da Amurka da Sin. A Amurka ma kamfanin RoadBotics, wanda ya tsiro daga Jami'ar Kanegi Melon a 2016, ya riƙa yi wa garuruwa awon tituna da wayar hannu, kafin kamfanin taya na Michelin ya saye shi a 2022. Tun da wayar tana karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam, kowane hoto yana zuwa da ainihin wurin da aka ɗauke shi, sai a zuba sakamakon bisa taswira: kore ga hanya mai lafiya, rawaya ga wadda ta fara tsagewa, ja ga wadda ta lalace.

5.0 Liƙe Tsaga

5.1 Aikin Hannu

Liƙe tsaga yana da matakai sanannu. Da farko akan ɗan faɗaɗa bakinta da injin yanka idan da bukata, sannan a hure ƙura da tsakuwa da iska mai ƙarfi, a busar da danshi da iska mai zafi. Daga nan sai a tsiyaya narkakken man kwalta da aka gauraya da roba, wanda aka dafa har kimanin digiri 190, a shafe samansa, a jira ya huce kafin a saki motoci. Tsagar da ta dace da wannan magani ita ce mai faɗin kimanin milimita 3 zuwa 20. Idan aka zuba man bisa ƙura ko danshi ba zai kama ba, zai ɓanɓare cikin ɗan lokaci. Aikin na bukatar ayarin ma'aikata, kuma suna yin sa ne tsakanin tafasasshen mai da motoci masu gudu.

5.2 Aikin Na'ura

Kare rayukan waɗannan ma'aikata na daga cikin manyan dalilan da suka sa aka fara tunanin na'ura mai liƙe tsaga. A ƙarƙashin wani shirin binciken hanyoyi da Amurka ta fara a 1987, Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ta ƙera wata babbar mota a farkon shekarun 1990 mai ɗauke da kyamara a gaba da hannun ƙarfe a baya. Jami'ar Tekzas da ke Ostin ma ta gwada nata samfurin a cikin shekarun. Dukansu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, amma kwamfutocin lokacin ba su da saurin da ake bukata, kuɗin kuma ya yi yawa. A 2012 cibiyar bincike ta Jojiya Tek ta bayyana wata na'ura da ake ja a bayan mota, mai bakin feshi 12, wadda ke gano tsaga ta cika ta tana tafe a gudun kimanin kilomita 5 a sa'a, kuma a gwaji ta gane fiye da kashi 83 cikin 100 na tsagar da aka nuna mata. A watan Maris na 2024 aka gwada wata mota mai tuƙa kanta, ARRES Prevent, bisa titi a gundumar Hatfodsha ta Ingila. Kamfanin Robotiz3d ne ya ƙera ta, wanda shi kuma ya tsiro daga Jami'ar Libaful.

Tsarin aikin waɗannan na'urori kusan iri ɗaya ne. Ido, wato kyamara ko leza, ya ga tsaga. Kwamfuta ta zana taswirarta, ta mayar da ɗigon hoto zuwa awon milimita a ƙasa, ta tsara inda hannu zai fara da inda zai ƙare. Hannun ya bi shatar yana hura iska yana zuba mai gwargwadon faɗi da zurfi. Inda gizo ke saƙar shi ne daidaito, domin kuskuren santimita guda ya isa ya sa man ya zuba a gefen tsagar, alhali motar tana motsi, hanyar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce sumul.

Akwai kuma masu neman a sa kwalta ta warkar da kanta. A Jami'ar Delf ta Holan an gauraya kwalta da siraran zaruruwan ƙarfe, ta yadda idan aka bi ta kai da injin maganaɗisu zaruruwan za su yi zafi, man ya narke ya haɗe ƙananan tsaga. An shimfiɗa yankin gwaji na irin wannan kwalta a kan babbar hanyar A58 ta ƙasar a 2010.

6.0 Dacewar Waɗannan Dabaru da Jos

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ganowa ta yi wa liƙewa nisa. Gano tsaga da wayar hannu abu ne da ya riga ya zauna, kuma kayan aikinsa suna nan a kasuwa. Na'urar da ke liƙewa da kanta kuwa, ko a ƙasashen da aka ƙera ta, mafi yawan liƙin da ake yi da hannu ake yin sa. Don haka abin da ya fi kusa da Jos shi ne na farkon. Amma ko shi ma akwai sharuɗɗa huɗu da ya kamata a lura da su.

Na farko, kwamfuta ba ta sanin abin da ba a koya mata ba. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin ƙasashe shida da aka ambata a sama, kuma masu taskar da kansu sun lura cewa abin da aka koya da hotunan wata ƙasa yakan yi rauni idan aka kai shi wata. Titunan Jos suna da nasu kamanni: jar ƙasar da ruwa ke kwasowa ta cika tsaga har ta fi kwaltar haske, hazon hunturu, ramukan da matasa ke cikewa da ƙasa, facin da aka ɗora bisa faci, ga kayan 'yan tireda da keke-napep da ke rufe gefen hanya a wurare irin su Taminus da titin Bauci. Wajibi ne a tara hotunan gida, a kuma sami masu zagaye lahanin da ke cikinsu. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Jos za su iya yi, tare da cibiyoyi irin su Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya da aka kafa a 1978.

Na biyu shi ne lokaci. Liƙi ba ya kama jiƙaƙƙiyar tsaga, don haka daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin aikin a Jos. Sanyin hunturu ma yana taimakawa, domin kwalta na tsukewa, bakin tsaga ya buɗe ya karɓi mai. Ke nan kamata ya yi a yi awo da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, a fitar da taswira kafin Disamba, kuɗin aiki kuma su fito kafin ruwan Afrilu. Idan kuɗi suka makara zuwa tsakiyar damina, taswirar ta tsufa, tsagar da ta nuna ta riga ta zama rami.

Na uku shi ne mallakar hanya. Hukumar FERMA, wadda aka kafa da dokar 2002, hanyoyin tarayya ne a wuyanta. Titunan cikin gari na gwamnatin jiha ne, na karkara kuma da yawansu na ƙananan hukumomi ne. Direban da ya taso daga Bokkos da lodin dankali zai iya taka duka ukun kafin ya fita jihar. Taswira guda da kowane ɓangare zai iya dubawa za ta nuna wa kowa rabonsa, ta kuma ba jama'a abin da za su riƙe a hannu idan suna tambayar inda aka kwana. A birnin Johannasbag na Afirka ta Kudu, alal misali, an fara wani shiri a 2021 inda mazauna gari ke aika hoton rami da wurinsa ta waya, ayarin masu gyara kuma su bi sawu.

Na huɗu, kyamara saman hanya kawai take gani. Ba ta ganin kwalbatin da ya toshe da shara, ko lambatun da ya cike da yashi, ko ruwan da ke kwance a ƙarƙashin marmara a kusa da tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Inda ruwa ke shiga ta gefe ko ta ƙasa, toshe tsagar sama ba zai hana hanya mutuwa ba. Haka kuma hanyar da ta riga ta zama bayan kada daga farko har ƙarshe ta wuce liƙi. Amfanin awon a nan shi ne ya raba hanyoyi kashi biyu, waɗanda za a iya ceto da ɗan kuɗi da waɗanda sai an sake gini, don kada a kwashe kuɗi duka a zuba wa matacciya a bar mai sauran numfashi ta bi sahunta.

Akwai kuma batun aikin yi. A ƙasashen da suka ƙera na'urar liƙi, lebura yana da tsada kuma yana wuyar samu. A Jos kuwa matasa masu neman aiki sun yi yawa, kuma kuɗin na'ura guda da kayan gyaranta zai iya ɗaukar nauyin ayari da dama na ma'aikata masu tukunyar narka kwalta da injin hura iska. Abin da ya fi dacewa ke nan shi ne na'ura ta nuna wuri, mutum ya yi gyara. Inda za a fara tunanin hannun ƙarfe shi ne wurare masu haɗari irin su Hawan Kibo, inda tsayar da ma'aikaci a tsakiyar hanya a gaban tirelar da ke gangarowa kasada ce da rai.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an bayyana cewa ruwa da nauyi da tsufan man kwalta su ne ke haddasa tsaga, kuma yanayin Jos yana gaggauta mayar da tsaga rami. An bi tarihin gano tsaga daga duba da ido zuwa motar awo, zuwa wayar hannu da kwamfuta mai koyo, an kuma nuna cewa na'urorin liƙi, duk da an shafe fiye da shekara talatin ana gwada su, ba su kai na ganowa yaɗuwa ba. Shawarar da nazarin ya kai gare ta ita ce a fara da tara hotunan titunan Jos a koyar da kwamfuta da su, a riƙa yin awo a ƙarshen kowace damina, a tanadi kuɗi da ma'aikatan da za su liƙe tsaga a cikin rani, a kuma haɗa wannan da yashe magudanan ruwa da hana lodin da ya wuce ƙima. Ya rage ga masu nazari a fannin injiniya su gwada wannan tsari a kan yanki guda, kamar daga Mararrabar Jama'a zuwa Farin Gada, su kwatanta abin da aka kashe da abin da aka tsirar bayan damina biyu ko uku.